Yadda ake zaɓen tsoffin ƙwayayen lamp a tayar da amfili mai zaƙin murya

Duk wanda ya tashi a gidan da ke da tsohuwar rediyon katako, irin su Philips ko Grundig, ya san ba ta magana nan take. Sai ka murɗa, ka jira, wata 'yar wuta ja ta leƙo ta ramukan bayanta, sannan murya ta taso a hankali kamar mai farkawa daga barci. Abin da ke haskawa a ciki shi masu gyaran rediyo na Maradi ke kira lamp: ƙwai ne na gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa, aka jera siraran ƙarafa a ciki. John Ambrose Fleming ne ya fara ƙera shi a Ingila a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa wata 'yar waya a tsakiya, kuma da ita ne ƙwan ya iya ɗaukar ƙaramar murya ya mayar da ita babba. Taransista ya fito a 1947, sannu a hankali ya kore shi daga kasuwa, amma bai kore shi daga kunnen masu sauraro ba: har yau akwai masu neman amfili, wato na'urar ƙara murya, mai aiki da lamp.

Dalili shi ne ƙwai ba ya mayar da sauti cif yadda aka ba shi. Yana ɗan ƙara wata siririyar murya a saman ta asali, mai ninka ta biyu a tsayi, kamar ɗan amshi da ke bin mawaƙi ba tare da ya rufe shi ba. In an matsa masa fiye da ƙarfinsa kuma, lanƙwasawa yake yi a hankali, ba ya tsagewa irin na taransista. A ma'aunin injiniyoyi taransista ya fi tsabta, wannan ba gardama. Amma ka saka goge, ko gurmi, ko ƙira'ar mai karatu, za ka ji jiki a muryar. Inda yake kasawa shi ne gangar ƙasa mai nauyi: tana ɗan sakewa, ba ta da tauri. Wanda ke neman abin da zai girgiza filin biki, wannan ba hanyarsa ba ce.

Matakin farko, ka koyi karanta lambar da ke jikin gilashin, don kowane rami a amfili da irin ƙwan da aka yi masa. A lambar Amurka, adadin farko shi ne bolt ɗin da zaren ɗumama ƙwan ke sha: 6L6, wanda RCA ta fitar a 1936, bolt 6.3 yake so. A lambar Turai harafi ne ke magana. E na nufin bolt 6.3, C na nufin ƙaramin mai ƙara murya, L kuwa babban da ke tura sifika. Shi ya sa ƙwai ɗaya kan zo da suna biyu: ECC83 shi ne 12AX7, ECC82 shi ne 12AU7, EL84 shi ne 6BQ5 (biyun farko na iya aiki da bolt 6.3 ko 12.6, shi ya sa sunansu na Amurka ya fara da 12). Sai ka kula, ECC83 da ECC82 kamanninsu ɗaya, ƙafafunsu tara ɗaya, amma na farko yana ninka murya kusan sau 100, na biyu bai wuce sau 20 ba. In ka tono tarkacen tsohon mai gyara a babbar kasuwa, ko wani ya kawo maka daga Sabon Garin Kano, yawancin abin da za ka samu da P ya fara, kamar PCL86. Waɗannan na tsohuwar talabijin ne. Masu farawa da U na wasu rediyoyi ne marasa taransifoma, kuma UL84 ba ya maye gurbin EL84 duk da lambar ta yi kama.

Na biyu, duba da ido kafin ka zaro ko dala. A saman ƙwan, ko a gefensa, akwai wani tabo mai sheƙi kamar madubi. Aikinsa shanye ragowar iskar da ta maƙale a ciki. In yana nan da ƙyallinsa na azurfa ko ya ɗan yi duhu, to da sauran rai. In ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, ƙwan ya mutu, ko sunan wa ke jikinsa. Ni kaina na taɓa sayen biyu masu farin kai don na ga tambari mai kyau. Da na kai wa dattijon da ke koya mini, ko karɓa bai yi ba, daga nesa ya ce, “Ɗana, waɗannan sai dai ka ba yara su yi wasa.” Na ce, “Baba, ai na Jamus ne.” Ya ce gawa ma tana da ƙasarsu. Bayan tabon, ka ɗaga ƙwan kusa da kunne ka ɗan girgiza. In wani abu na yawo a ciki, ajiye shi. Ka duba gindin ko akwai tsaga tsakanin ƙafafu.

Tunda maganar suna ta zo: waɗanda ake rububi su ne Mullard na masana'antar Blackburn a Ingila, da Telefunken na Jamus, da RCA. Telefunken na asali yana da 'yar alama mai kusurwa huɗu da aka zuba cikin gilashin gindinsa, tsakanin ƙafafu, kuma ta fi rubutun jiki wuyar ƙirƙira. Tsohon rubutu gogewa yake yi da yatsa, don haka ƙwan da aka ce ya shekara sittin amma fentinsa garau, abin a yi shakka ne. Kuma ka sani, sabon kwali mai sunan Mullard ko Tung-Sol a yau, a Saratov ta Rasha ake yin abin da ke ciki. Ba laifi ba ne, suna aiki sarai, haka ma na JJ da ake yi a Sulobakiya. Kar dai a sayar maka da su a kuɗin tsoho.

Na uku, mitar awon wuta ta masu gyara. Juya ta zuwa awon om ka taɓa ƙafafun zaren ɗumama: ta 4 da ta 5 a EL84, ta 2 da ta 7 a EL34 da 6L6, sannan a ECC83 ka auna daga ta 9 zuwa ta 4, da kuma daga ta 9 zuwa ta 5. In mita ta nuna 'yan om kaɗan, zaren na nan. In ba ta motsa ba, ya tsinke. Wannan awon ba ya gaya maka ƙarfin da ya rage wa ƙwan, sai dai ya raba maka matacce da mai rai.

Na huɗu shi ne inda ya kamata ka fi daɗewa, don a nan ake asarar dukiya, wani lokaci har da rai. Amfilin kansa. Wutarmu bolt 220 ce, kuma da yawa daga kayan Amurka da ke shigowa ta Kwatano na 110 zuwa 120 ne. Karanta bayansa, in na 110 ne, sai da taransifomar rage wuta. Sannan kwandansa, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta: a cikin irin wannan amfili suna riƙe bolt 300 zuwa 500, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare waya daga bango. In ba ka iya sauke wutarsu ba, kada hannunka ya shiga ƙarƙashin ƙarfen, kai wa mai gyara. Kwandansan da ya shekara hamsin a ajiye, cikin zafin ɗakin kwano, ya bushe ko yana yoyo, kuma shi ne ke kashe ƙwai mai tsada cikin 'yan mintoci. A canza su tukuna. A ganina kuɗin da ka kashe a nan ya fi gyara murya a kan wanda za ka kashe wajen farautar Telefunken, don ƙwai yaji ne kawai, tuwon shi ne taransifomar fitar da murya da sifika.

Kafin kunnawar farko, haɗa sifika. Amfili mai lamp ba a kunna shi babu sifika, taransifomar fitar da murya na iya ƙonewa, kuma samun wata a Maradi sai an sha wuya. Ka daidaita om: sifika mai 8 a ramin 8, mai 4 a ramin 4. Sai dabarar tsoffin masu gyara: a ratsa ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a kan waya ɗaya tsakanin bango da amfilin. Irin na da nake nufi, ba LED ba. In ka kunna, ƙwan fitilar ya yi haske sannan ya dushe, lafiya lau. In ya tsaya da haskensa ƙal, akwai inda wuta ke haɗewa, kashe nan take.

In amfilin ya tashi, rage hasken ɗaki ka zuba wa manyan ƙwayayen ido na minti goma. Jan zare a tsakiya daidai ne. Ɗan shuɗin haske a jikin gilashi ma ba komai. Amma in faffaɗan ƙarfen da ke kewaye da zaren ya fara ja kamar garwashi, kashe, ƙwan na shan wuta fiye da kima. Manyan ƙwayaye galibi bibbiyu suke aiki, ɗaya na turawa ɗaya na ja, saboda haka a sayo su tagwaye masu ƙarfi ɗaya, kuma a yawancin amfili mai EL34 ko 6L6 sai mai gyara ya saita yawan wutar da suke sha duk lokacin da aka canza su. Ƙananan kuwa, ɗauki fensir ka ɗan ƙwanƙwasa kowanne a hankali. Wanda ya amsa ta sifika da ƙara kamar ƙararrawa ya saki jiki, canza shi.

Yanzu sai sauraro. Bar shi ya ɗumama kamar minti ashirin. Zaɓi abu ɗaya da kunnenka ya haddace, ka riƙa maimaita shi, kuma kada ka taɓa maɓallin ƙara murya tsakanin gwaji da gwaji, don kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi daɗi. Canza ƙwai ɗaya tak a lokaci guda, amfili a kashe, gilashi ya huce. Fara da ƙaramin da ke kusa da mashigar sauti, shi ne duk abin da ya yi sauran ke ninkawa. Kada ka raina wat: EL84 biyu na ba da kamar 10 zuwa 15, kuma da sifika mai saurin amsawa sun ishi zaure har da tsakar gida.

Saura zama da shi a garinmu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, kada ka cusa shi cikin kabad, kada ka ɗora masa komai a kai, bar masa sarari ta ko'ina. Da hunturu, in ya huce ka lulluɓe shi da zane, kuma lokaci-lokaci ka share ƙurar jikin gilashi da busasshen ƙyalle, don ƙura riƙe zafi take yi. Ka saya masa na'urar daidaita wuta. In an ɗauke kuran yana kunne, tashi ka kashe maɓallinsa, don kada ta dawo da ƙarfi ta same shi da zafinsa, kuma ka ba shi minti biyu ko uku kafin ka sake kunnawa.