In likita ya ce a yi maka hoton ƙirji

Jama'a don Allah mu daina gudun hoto, nan ƙauyenmu wajen Ringim wani dattijo wata uku yana tari ya ƙi zuwa wai hasken na'urar na sa ciwon daji, abin ya dame ni wallahi. Su kansu masana har yau suna jayayya ko ɗan kaɗan ɗin nan na cutarwa, ƙasa da milisibat 100 (ma'aunin yawan hasken da ke shiga jiki ke nan) abin ba ya fitowa ƙarara a bincike, hoton ƙirji kuwa kusan 0.1 ne kacal. To ka je, amma ka tambayi likita me ake nema, ka taho da tsohon hotonka a leda kar a maimaita a banza. Mai juna biyu ta faɗa tun kafin ta shiga ɗakin.