Yadda ake neman zama hafsan sojan ko-ta-kwana, da inda yawanci ake faɗuwa

Sojan ko-ta-kwana shi ne wanda yake aikinsa na farar hula, amma yana zuwa atisaye wasu ranaku a shekara, in ta kama a kira shi fagen daga. A Birtaniya kwana 27 ne a shekara ga yawancin rundunoni, a Amurka kuma ƙarshen mako ɗaya a wata da sati biyu a shekara. Zama hafsa a cikinsu ba kamar shiga kurtu ba ne, don kai za a damƙa wa mutane.

Da farko ka duba sharuɗɗan ƙasar da kake nema, shekaru, takardun makaranta, zama ɗan ƙasa. Amurka dai yawanci sai kana ɗan ƙasa kafin ka zama hafsa, kuma galibi digiri suke nema. Cike fom ba zan tsaya a kai ba, kowa ya iya. Abu ɗaya kawai, kar ka ɓoye ciwo, in kana da asma ko an taɓa yi maka aiki a gwiwa ka rubuta, za su nemi bayanan likitanka kuma in suka kama ƙarya shikenan.

Sai ka nemi runduna mafi kusa da kai ka fara zuwa daren atisayensu tun kafin tantancewa. Ni a wajena wannan dole ne. A nan za ka ga yadda saje ke magana da mutanensa, kuma hafsoshin wurin su za su shirya ka.

Gudu kuma ka fara shi wata uku kafin lokaci. A Birtaniya akwai wani gwajin gudu na kai-komo tsakanin layi biyu mai tazarar mita 20, na'ura tana ƙara kana ƙara sauri. Ba sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba, auna mita 20 a fili, sauke sautin a waya, ka ajiye kuɗinka ka sayi takalmi mai kyau.

To yanzu ga inda nake so ka natsu. A Birtaniya ana tantance hafsoshi a garin Westbury, zuwa biyu ake yi, na farko gajere, na biyu kwana uku da wani abu. Za a saka maka riga mai lamba, da lambar za a riƙa kiranka, a haɗa ka da mutum bakwai ko takwas da ba ka taɓa gani ba, a ba ku katako da igiya da ganga a ce ku tsallaka da kaya ba tare da taɓa ƙasa ba. Wani zagayen babu shugaba, wani kuma kai za a naɗa.

Ni a irin wannan gwajin na sha ƙasa karon farko. Na ɗauka shugabanci ɗaga murya ne, ana cewa a fara na hau ba da umarni, wani yaro mai sanyin magana yana ta cewa katakon ba zai kai ba sai an ɗaure biyu, sau uku ya faɗa ban ko waiwaye shi ba, har muka zubar da gangar lokaci ya ƙare. Shi ya wuce, ni aka ce in dawo. Kuma tun daga nan duk wanda na ga ya faɗi, ko dai mai hayaniya ne irina, ko wanda ya yi gum a baya yana riƙe da igiya kamar an aiko shi.

In aka ba ka jagoranci, ɗauki minti ɗaya ka kalli wurin. Faɗi aikin a taƙaice, faɗi dokokin, faɗi dabararka, sannan ka tambaya ko akwai mai wadda ta fi. Sa mutum ɗaya ya riƙa duba agogo yana faɗa da ƙarfi. Kai kuma ka tsaya inda kake ganin kowa, kar ka je ka rungumi katako ka manta da sauran. Dabara ta rushe? Ka ce a tsaya, a canza, ba abin kunya ba ne, su masu tantancewar yadda ka yi da rushewar suke kallo, ƙungiyoyi da yawa ba sa ma gama aikin. In kuma wani ne shugaba ka yi masa aiki da gaske, a lokacin ma ana rubuta sunanka.

Akwai gwajin tsara shiri a takarda, a nan lissafin nisa da gudu da lokaci ke kunyata masu digiri. Kilomita 12 a ƙafa, kana yin 4 a awa, awa 3 kenan, ka iya irin wannan da ka, ba tare da kalkuleta ba. Intabiyu kuma za su ce kawo misalin inda ka jagoranci mutane, kar ka ce "ni mutum ne mai son shugabanci", kawo abu ɗaya da ya faru, mutum nawa, me ya lalace, me ka yi. Ka riƙa bin labaran duniya.

In ka wuce sai horo. A Sandhurst, makarantar horar da hafsoshin sojan Birtaniya, kwas ɗin 'yan ko-ta-kwana sati 8 ne, za ka iya yin sa a jere ko kashi-kashi, ka fito da muƙamin sakan laftanar. Ka sanar da wurin aikinka da iyalinka tun da wuri, don hutun shekararka zai tafi a nan.