Kar ka jefa kare cikin ruwa wai don ya koyi iyo

Mutane na cewa wai duk kare da iyonsa aka haife shi, to ba haka ba ne. Irin karen da ake kira Labrador dai eh, shi ruwa gidansu ne, amma irin su bulldog da pug masu guntun hanci da ƙaton ƙirji sai sun ɗaga kai sosai kafin hanci ya fito waje, nan take sai bayansu ya yi ƙasa, kafin ka ankara ya fara nutsewa.

Fara a gida da babban baho, ruwan kar ya wuce gwiwarsa, kuma kar ya yi sanyi ƙalau. Jefa ƙwallonsa ciki ka koma gefe ka zauna. Nawa karen kwana uku yana zagaya bahon yana shinshina yana harara ta kamar na ci masa bashi, sai daga baya ya sa ƙafa ɗaya ya cire, ya sake sawa, shikenan ya shige. Da na tura shi da ƙarfi ina ganin har yau ko wanka sai an yi dambe.

In ya saba sai ku je inda ba zurfi kuma ruwan ba ya gudu, ka shiga tare da shi. Sabon shiga ƙafafun gaba kawai yake bugawa yana fantsama ruwa, to sa hannu ƙarƙashin cikinsa ka ɗago shi kaɗan har na baya su fara aiki. Sa masa rigar nan mai hana nutsewa, mai mariƙi a baya. In a ginannen wurin iyo ne (swimming pool) nuna masa matakalar fita ya bi ta sau da yawa, don kare ba ya iya hawa gefe mai santsi. Minti 5 zuwa 10 ya isa a farko.

Sai maganar sha, nan ne mutane ke sakaci don sun ga yana cikin ruwa. A rana kare na buƙatar kamar mililita 50 zuwa 60 kan kowane kilo na nauyinsa, kenan mai kilo 20 lita ɗaya da ɗan ɗoriya, in ana zafi ko ya yi guje-guje fiye da haka, tunda shi da haki yake huce jiki ba da gumi ba. Tafi da gorarka da kwanonsa ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ba haka ba ruwan da yake iyo a ciki zai sha. Na teku gishiri ne, amai da zawo. Kwantaccen ruwa mai kore-kore a sama kuwa ko kusa kar ya je, wani gansakukan guba ne mai kisa.

In kana shakka ɗan ja fatar wuyansa ka saki, in ba ta koma da sauri ba, ko dasashinsa ya bushe yana danƙo, ruwa ya yi masa kaɗan. In ya haɗa da amai ko tangaɗi kar ka tsaya dabara, sai likitan dabbobi.

Da kun fito a ɗauraye shi da ruwa mai kyau, a goge kunnen nan sosai da tawul, musamman masu kunne a kwance don nan damshi ke ɓuya ya zama ciwo.