Yadda ake neman shiga gwajin sabon gashin ciwon daji daga karkara

Idan likita ya ce ciwon daji ne, kuma sai an yi gashi, mu mutanen karkarar Kano da Jigawa abu biyu muke fara lissafawa: kuɗin mota da wanda zai zauna jinya. Can sai wani ɗan gida mai babbar waya ya zo da labarin wai akwai sabon gashi da ke bin ciwon shi kaɗai, kuma wanda ya shiga gwaji ba ya biya. Labarin da gaskiya a cikinsa, sai dai ba ta waya ake shiga ba. Ta hannun likitan daji ake shiga, da takardu a hannu.

Fara da sanin irin gashin da ake magana a kai. Akwai na waje, wanda na'ura ke harba haske mai ƙarfi bayan an auna jiki da hoton sikan, don hasken ya sauka a kan ƙarin, lafiyayyen nama ya tsira gwargwadon iko. Akwai wanda ake sa ƙwayar gashin a jikin ciwon na ɗan lokaci a cire, kamar yadda ake yi wa masu dajin bakin mahaifa. Akwai kuma na sha ko na jijiya. Tun shekarun 1940 ake ba masu cutar ƙwayar maƙogwaro sinadarin aidin mai gashi. Sabon da ake ta yayatawa shi ne lutetium-177: a ɗaure shi da wani sinadari da ke manne wa ƙwayoyin dajin furostet, wato ƙwayar nan ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara, jini ya kai shi duk inda ciwon ya yaɗu. A gwajin da ake kira VISION an sa maza 831 waɗanda ciwonsu ya yaɗu kuma sauran magunguna sun gaza. Sakamakon ya fito a 2021: matsakaicin tsawon ran waɗanda suka karɓi maganin wata 15.3, na waɗanda ba su karɓa ba wata 11.3. Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2022 da sunan Pluvicto. Ƙarin wata huɗu abu ne, amma ba warkewa ba ce, kuma duk wanda ya ce maka warkewa ce ka yi hattara da shi.

Ni a ganina gwajin da ya fi yi wa talakan ƙauye amfani ba wannan ba ne, shi ne na rage yawan zuwa gashi. A Birtaniya gwajin FAST-Forward ya nuna a 2020 cewa mace mai dajin mama da aka kama da wuri, bayan tiyata, zuwa biyar cikin mako guda yana yi mata aikin zuwa 15 na mako uku. Gwajin CHHiP kuma a 2016 ya nuna zuwa 20 yana iya maye gurbin zuwa 37 ga masu furostet. Wanda ya taɓa baro Haɗeja ko Gumel ana tsakiyar girbi ya kama ɗaki a Zariya, yana sayen koko da ƙosai kullum, shi ya san darajar kwanakin da aka rage. Saboda haka in ka ji gwaji irin wannan kada ka raina shi don ba sabuwar allura ba ce.

Mataki na farko na gaske shi ne haɗa takardu, kuma nan mutane da yawa ke faɗuwa. Babu gwajin da zai karɓi mutum a kan “likita ya ce kamar daji ne”. Sai da sakamakon tsokar da aka yanka aka duba a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ke ɗauke da sunan ciwon. A haɗa da takardar matakin da ciwon ya kai, da faifan sikan tare da bayaninsa, da gwajin jini na baya-bayan nan, musamman na ƙoda da hanta da yawan jini. A rubuta duk kimo (wato maganin daji na ƙarin ruwa ko na sha) ko gashi ko tiyatar da aka taɓa yi, da wata da shekara. Maganin gargajiya ma a faɗa, jiƙo ne ko sassaƙe ko gari, don wasu suna taɓa hanta kuma gwajin jini zai tona. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, da rana, a shimfiɗe a kan tabarma yadda rubutun zai fito, sannan ka sa na ainihin a leda mai kauri. Damina ta sha cinye takardun asibiti a ƙarƙashin katifa.

Daga nan sai a kai ga likitan daji. Daga asibitin ƙaramar hukuma a karɓi takardar turawa zuwa babban asibiti, irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Su ne za su tura inda ake gashi, kamar asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Gwajin gashi ba ya yiwuwa sai inda na'ura take, don haka can ne labarinsa yake. In kun shiga wurin likita, bayan gaisuwa, ka tambaya kai tsaye: “Ranka ya daɗe likita, akwai wani binciken gashi da ake ɗaukar mutane a nan ko a wani asibiti, wanda ciwon Baba ya dace da shi?” Ba rashin kunya ba ne. In ya ce babu, ka ce in ya taso a tuna da ku, ka bar lambar da ake samunka a kowane lokaci.

Kada ku dakatar da maganin da aka riga aka rubuta don jiran gwaji. Gwaje-gwajen gashi kaɗan ne a ƙasar nan, ciwon kuwa ba ya jira. Abin da za ka yi kawai shi ne ka yi tambayar kafin a fara, domin wasu gwaje-gwajen ba sa ɗaukar wanda aka riga aka gasa.

Shi kuma mai wayar ga aikinsa. Ya buɗe ClinicalTrials.gov, rajistar da gwamnatin Amurka ke riƙe da ita tun 2000, wadda ke ɗauke da gwaje-gwajen ƙasashe da dama. Da Turanci take. Ya kwafi sunan ciwon yadda yake a takardar ɗakin gwaje-gwaje, a gurbin magani ya rubuta “radiotherapy”, a gurbin wuri ya sa Najeriya, sannan ya zaɓi masu alamar “Recruiting”, wato waɗanda ke ɗaukar mutane yanzu. Kowane gwaji yana da lamba da ke farawa da NCT, da sharuɗɗan wanda za a ɗauka da wanda ba za a ɗauka ba, da sunan asibitin. Akwai kuma rajistar Afirka, PACTR, da ake gudanarwa daga Afirka ta Kudu. Abin da ya samu ya rubuta lambarsa ya kai wa likita, kada ya yanke hukunci da kansa. Gwajin da ke Indiya ko Masar ko Turai kuwa, sau da yawa kuɗin jirgi da biza da masauki a wuyanku suke, kuma ana son mutum ya riƙa dawowa wata da watanni. A yi wannan lissafin kafin a sayar da gona.

Yanzu maganar da ke zuciyar kowane Bakano in ya ji kalmar gwaji. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, da yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun dala miliyan 75 da jihar Kano a 2009. Tsoron yana da dalili. Amma maganinsa tambaya ce. Yau kowane gwaji sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya amince da shi, a ƙarƙashin kwamitin ƙasa, NHREC. In da sabon magani a ciki sai da izinin NAFDAC. Ka nemi a nuna maka shaidar amincewar. Wanda ya tare ka a tasha ko a WhatsApp yana neman kuɗin fom, ɗan damfara ne, ba a sayen gurbin gwaji.

In an same ku da dacewa, za a ba ku takardar yarda. Haƙƙin majiyyaci ne a yi masa bayaninta da Hausa, a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken in ba ya karatu, ya dangwala yatsa da kansa, a ba shi kwafi. Mace ita ke ba da yardarta. A yi shawara da maigida da 'ya'ya, amma sa hannun nata ne. Ku tafi da takardar gida ku kwana a kanta. Ku tambaya: gwajin matakin nawa ne? Na 1 ana auna ko jiki zai ɗauka, da mutane ƙalilan, na 3 kuma ana gwada sabon da wanda aka saba, da ɗaruruwa. Za a yi ƙuri'a? Sau da yawa kwamfuta ke raba mutane gida biyu, kuma Inna tana iya faɗawa gidan maganin da aka saba, ba likita ke zaɓa ba. Wa zai biya sikan da gwajin jini da kuɗin mota? In illa ta taso wa zai ɗauki nauyi, kuma wa za a kira da tsakar dare? In na'ura ta lalace ana tsaka da gashi, ina za a kai mu? Ko bayan sa hannu, mutum yana iya fita duk ranar da ya ga dama, kuma ba za a hana shi maganin da ya saba karɓa ba.

Sai tantancewa. Yawanci ana son wanda ke iya tashi ya yi 'yan hidimominsa, kuma jininsa da ƙodarsa suna da ƙarfi. Na lutetium sai an yi wani sikan na musamman da ke nuna ko maganin zai sami abin mannewa, na'urarsa kuma ba ta da yawa a ƙasar nan. Ana iya mayar da mutum a wannan gaɓar, sai a ci gaba da maganin yau da kullum.

Gashin na'ura ba ya bin mutum gida, jikoki su hau cinyar Kaka ba komai. Na sha da na jijiya kuwa yana fita ta fitsari na wasu kwanaki. Tun kafin ranar ka gaya wa likita yadda gidanku yake: masai ɗaya ne ga kowa, ɗaki nawa, akwai mai ciki ko mai goyo. Shi zai faɗi kwana nawa majiyyaci zai kwanta shi kaɗai, da tazarar da zai ba yara. A ware masa buta da kofi, ya riƙa shan ruwa da yawa, a wanke kayansa daban har kwanakin su cika.