Kafin ka gangara da jirgi cikin tafki a Minnesota

Ni ɗan Yauri ne, a bakin Kwara na tashi, shi ya sa da wani abokin aikina ya gayyace ni kamun kifi a shekarata ta farko a jihar Minnesota ta Amurka na amsa da gadara. Ashe ban san komai ba. A gida kwale-kwale a ruwa yake kwana, a ɗaure shi a turke a tafi. A nan kuwa jirgi a gareji yake kwana bisa tirela, sai an ja shi da mota zuwa tafki, a gangara da shi ta kan siminti, da yamma a sake jawo shi. Jihar tana da tafkuna 11,842, kuma daga watan Mayu, in an buɗe kakar kamun kifi, da wuya baƙo ya tsira daga irin wannan gayyata. Aikin da za a fara damƙa maka kuma shi ne winci.

Winci shi ne ƙaramin injin hannu da ke gaban tirela: mariƙi, giya mai haƙora, da bel mai ƙugiya da ake maƙalawa a zoben hancin jirgi. Akwai wani ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran, shi ne mai yin ƙas-ƙas in kana juyawa, shi ke hana bel ɗin warwarewa. Ranar farko na ɗaga harshen nan alhali nauyin jirgi na kan bel, hannuna kuma ba ya kan mariƙi. Kafin in ƙifta ido mariƙin ya juyo ya same ni a wuyan hannu. Sati biyu ina alwala da ƙyar. Riƙe mariƙi gam tukuna, ka ɗan juya gaba nauyin ya dawo hannunka, sannan ka taɓa harshen. In ya kuɓuce maka, kada ka kai hannu ka cafke shi; ja da baya ya gama haukarsa. Kuma kada fuskarka ta yi saiti da bel. Rana tana cinye zarensa a hankali, in ya tsinke ƙugiyar kanka za ta nufo.

In ka ji winci ya yi tauri, yawanci ba laifinsa ba ne. Tirelar ce ba ta shiga ruwa sosai ba, kana jan jirgi a busasshe. Ce wa direba ya ƙara ribas kaɗan. In kuma ta nutse da yawa, gindin jirgin zai yi ta yawo ya hau a karkace. Sauran matsalolinsa ƙanana ne: tsatsa, rashin giris, ko sifirin ɗin harshen ya mutu. In ba ka ji ƙas-ƙas ba, kada ka amince masa.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne cire ƙugiya da sarƙar hanci tun daga saman gangara. Tirela mai ƙananan tayoyin roba a ƙarƙashin jirgi ba ta jira. Da mota ta karkata, jirgi zai sulale ya faɗi kan siminti, jama'a na kallo. Maɗauran baya, masu riƙe gindin jirgi a kan tirela, su ake kwancewa a filin shiri. Na hanci sai gindin jirgi ya taɓa ruwa. Haka wajen komawa: winci na ja ne, ba a barin masa riƙon jirgi shi kaɗai a kan titi, dole a mayar da sarƙa da maɗauran baya.

Mutanen nan suna da haƙuri, amma ban da a kan gangara. Duk lodin kaya, da rigunan ruwa, da toshe ramin zubar da ruwa na bayan jirgi, a gama su a gefe kafin layi ya zo kanka. Yara su sauka daga mota, a sauke gilashi, a ja birkin hannu kafin direba ya fito. Simintin da ke cikin ruwa yana da gansakuka mai santsi kamar miyar kuɓewa, silifas ba zai kai ka ba. Yaron da bai kai shekara 10 ba kuma, doka ce ya sa rigar ruwa muddin jirgi na tafiya.

Da kun fito, kafin ku hau titi, cire toshiyar nan ruwa ya tsiyaye, a bar ta a cire har gida, a kuma tsince duk ciyawar da ta maƙale a tirela. Dokar jiha ce, saboda wata ƙaramar kumba mai zane-zane da ke bin jirage daga tafki zuwa tafki, wadda aka gano a tafkin Minnetonka a 2010. Masu duba na hukumar albarkatun ƙasa kan tsaya a bakin gangara, kuma akwai tara. Ni dai yanzu a jikin makullin jirgi nake ɗaure toshiyar, don kada gobe in tura shi ruwa da rami a buɗe.