Darasi na 6: Zafin fitsari da ya daina jin magani

Yau kan zafin fitsari zamu tsaya, wanda ake haɗa shi da wasu cututtuka a ce duk sanyi ne. Mutum ya je bayi kusan sau goma amma ɗan ɗis yake fita, da raɗaɗi kamar an zuba barkono, mara na ciwo, fitsarin ya canza kala yana wari. Yawanci ƙwayar cutar E. coli ce, a hanji take zama, daga bayan gida take samun hanya zuwa mafitsara, kuma ta fi kama mata don hanyar fitsarinsu gajeriya ce.

To ga inda muke cutar kanmu, sai a aiki yaro kemis a ce a ba shi Ampiclox ko Septrin na ɗari biyar, a ƙullo ƙwaya huɗu a leda, a sha kwana biyu zafi ya lafa shikenan a ajiye sauran a saman firij wai sai wani karon. Ƙwayoyin cutar marasa ƙarfi sun mutu, masu taurin kai sun tsira sun hayayyafa, har suna miƙa wa 'yan uwansu dabarar. Ba jikinki bane ya saba da maganin, ƙwayar cutar ce ta gagare shi, kuma zata iya kama wani a gidan. Shi yasa yanzu har Cipro ɗin da ake ji da ita wani lokacin bata yin komai, sai an kai ga allura da kwanciya asibiti, kuɗi su ninka. Wallahi abin na damuna, a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 irin waɗannan ƙwayoyin cuta da suka gagari magani suka kashe a duniya, E. coli ce kan gaba, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa muni.

In zafin ya fara, je asibiti a yi gwajin fitsari na kalca, wato wanda ke gano irin ƙwayar cutar, kafin ki sha komai. Za a baki 'yar kwalba, ki yi tsarki, ki bar farkon fitsarin ya zuba ki tari na tsakiya. Kwana 2 zuwa 3 sakamako zai nuna maganin da zai ci. Ki sha yadda likita ya rubuta har ƙarshe, kar ki ba makwabciya ragowa. Wajen tsarki daga gaba zuwa baya.

Mai ciki, mai ciwon suga, da namiji, kar su jira ko kwana ɗaya. Haka in akwai zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon kwiɓi ko amai, ciwon na iya kaiwa ƙoda, a tafi asibiti a ranar.