Babi na Shida: Gano Inda Baƙin Mai Yake Yoyo a Injin Mota

Mota takan je gareji sau da yawa a kan yoyon baƙin mai, a canza wannan a canza wancan, amma bayan mako guda mai ita ya sake tarar da tabon mai a inda ta kwana. Abin da ya fi jawo haka shi ne fara gyara kafin a tabbatar da wurin da man yake fitowa. Wannan babi zai nuna wa mai mota da direba da yaron gareji yadda ake bin sawun mai har a kai ga mafitarsa, da kuma dalilan da ke sa yoyo ya dawo bayan an biya kuɗin gyara.

Injin ƙaramar mota irin Golf ko Corolla ko Vectra yana ɗaukar mai kimanin lita 4, kuma a yawancin irin waɗannan motoci tazarar da ke tsakanin alamar sama da alamar ƙasa a jikin gejin mai kusan lita 1 ce. Ke nan idan mai ya sauka zuwa alamar ƙasa, injin ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke hana ƙarafansa cin juna. Direban da ke lodin Bauchi zuwa Gombe, tafiyar kimanin kilomita 150, yana iya tashi da mai cike ya isa Alkaleri da jar fitilar mai a kunne, domin akwai yoyon da ba ya nuna kansa sai inji ya yi zafi yana gudu.

A fara tabbatar da cewa baƙin mai ne

Da yamma a ajiye motar a wuri mai daidaito, a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta tun daga gaban inji har zuwa tsakiyar mota, a danne shi da dutse, sannan a yi alamar inda tayoyin gaba suke a jikinsa domin a gane matsayin kowane tabo da safe. Baƙin mai sabo launin zuma gare shi, wanda ya yi aiki kuma baƙi ne, yana da santsi a tsakanin yatsu. Man giyar mota mai canza giya da kanta ja ne, yakan koma ruwan ƙasa idan ya tsufa, na giyar hannu kuwa sau da yawa yana da wari mai kaifi. Ruwan da ke ɗiga bayan an yi amfani da na'urar sanyaya mota ruwa ne zalla, ba matsala ba ne. Idan tabon yana kusa da taya, kuma ruwan ba shi da kauri, a zargi man birki, kada motar ta hau titi sai bakanike ya duba.

Kwalin yana ba da wani labari da mutane da yawa ba sa lura da shi. Idan mai ya ɗiga na ɗan lokaci bayan an kashe mota sannan ya tsaya, mafitarsa tana sama, ko kuma a wurin da famfon mai yake turo shi da ƙarfi sa'ad da inji ke aiki. Idan kuwa ya kwana yana ɗiga, har motar da ta yi kwana biyu ba a tayar ba tana ci gaba da jiƙa ƙasa, to a duba kaskon da ke ƙasan inji inda mai yake taruwa, da notin da ake kwancewa a zubar da mai, domin su ne mai yake kwance a kansu dare da rana.

Akwai kuma motar da mai ke raguwa a cikinta amma kwali ya wayi gari a bushe. Sau da yawa wannan ba yoyon waje ba ne. Shuɗin hayaƙi daga salansa yana nufin injin yana ƙona man, ko dai ringi, wato zoben ƙarfe da ke kewaye da fistin, ya cinye ko robobin bawul sun bushe. Idan man da ke jikin geji ya koma kamar shayi mai madara, ko aka ga mai yana yawo a saman ruwan lagireto, to mai da ruwa suna haɗuwa a ciki, kuma wannan gyara ne dabam da wanda muke magana a kai.

Wanki kafin bincike

Wanda ya taɓa gyaran rufin kwano ya san cewa inda ruwa ke ɗiga a cikin ɗaki ba lallai ne nan hujin yake ba. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, saboda haka duk inda ya fito a ƙarshe zai taru a ƙasan inji ko a mahaɗar inji da giya. A garuruwanmu ƙura tana ƙara rikita lamarin, musamman lokacin hunturu, domin takan manne da man ta zama baƙin dafke mai kauri wanda ya rufe komai. Bakaniken da ya leƙa irin wannan inji ya yanke hukunci nan take, hasashe yake yi, ko da kuwa ya daɗe a sana'ar.

A bari inji ya huce sosai. A rufe altaneta da akwatin fis da mahaɗan wayoyi da leda, a goge dafken da buroshi da kananzir ko maganin wanke inji da ake sayarwa, a bi da ruwan sabulu, a ɗauraye a hankali ba tare da watsa ruwa mai ƙarfi a kan kayan wuta ba. Kada a wanke inji da fetur, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Bayan ya bushe, a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, a tayar da motar ta yi aiki na minti 10 zuwa 15, sannan a haska da tocila. Sabon mai zai zana baƙin layi a kan hodar, kuma ƙa'idar ita ce a bi layin zuwa sama har inda ya ƙare. Wurin da ya fi sama a cikin waɗanda suka jiƙe shi ne mafita. Idan ba a ga komai ba, a yi ɗan zagaye a cikin gari, misali a Bauchi daga Wunti zuwa Yelwa a dawo, a sake dubawa tun kafin man ya bazu. Wasu garejin suna da wani ruwa mai launi da ake zubawa a cikin mai, wanda ke ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman, amma hoda da haƙuri sukan wadatar.

Duk lokacin da inji ke aiki a naɗe hannun riga, mai babbar riga kuma ya tuɓe ta, domin fambel da fanka ba sa jira. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga. A yi amfani da rami ko a tokare ta da abin da ba zai goce ba.

Daga sama zuwa ƙasa, daga mai araha zuwa mai tsada

A fara da murfin da ake zuba mai, domin robar da ke cikinsa takan bushe. Daga nan sai gasket ɗin murfin saman inji, wato abin da ake sawa tsakanin murfin da inji don ya hana mai fita, wanda ya fi kowane wuri yawan yoyo a tsofaffin motoci. Roba ce, kuma zafin inji yana busar da ita a hankali har ta taurare ta tsage, balle a watannin Maris zuwa Mayu da zafin rana kan kai digiri 40 a wannan yanki. Alamarta ita ce ƙaurin mai yana ƙonewa a kan bututun salansa idan aka tsaya, a wasu injuna kuma mai yakan cika ramukan fulogi har mota ta riƙa girgiza.

A gefen inji akwai filtar mai. Wani lokaci idan aka cire tsohuwa, zoben robarta yakan manne a jikin inji, a ɗaura sabuwa a kansa, roba biyu su haɗu, mai ya riƙa tsartuwa. Filta da hannu ake ɗaure ta bayan an shafa wa robarta ɗan mai, ba da ƙarfe ba. Kusa da ita sau da yawa akwai ɗan makunnin da ke kunna jar fitilar mai, mai waya a kansa. Ƙaramin abu ne mai araha, amma idan ya tsage yana iya jiƙa rabin inji, kuma an sha sauke giya a banza saboda shi.

A ƙasa kuma akwai notin zubar da mai. Yana da siririn zobe na tagulla ko alminiyam wanda ya kamata a canza duk lokacin juyen mai, amma ba kasafai ake canzawa ba, sai a ƙara wa notin ƙarfi har zarensa ya lalace. Shi kansa kaskon mai yakan lotse ko ya tsage idan mota ta daki dutse a hanyar ƙauye, ko ta hau tudun rage gudu da kaya fiye da kima.

Sai an wanke waɗannan duka daga zargi sannan a koma kan sil, wato zoben roba da ke kewaye da ƙarfen da ke juyawa. Na gefen bel yana da haɗari a motocin da ke amfani da belin taimin, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin, domin mai yana lalata bel, idan kuma ya tsinke ana tafiya, a injuna da yawa bawul sukan lanƙwashe. Na baya yana tsakanin inji da giya, ba a kai gare shi sai an sauke giya, shi ya sa aikinsa ya fi tsada, kuma idan ya yi yawa yakan jiƙa kuloci mota ta riƙa ihu ba ta ja. Idan bakanike ya ambace shi tun kafin a wanke inji, babu laifi mai mota ya ce cikin ladabi: “Malam, don Allah mu wanke mu duba saman tukuna, idan ya tabbata na bayan ne sai a sauke.” Bakaniken kirki ba zai ji haushin wannan magana ba, domin shi ma ba ya son aikin da za a dawo masa da shi.

Me ya sa yake dawowa bayan an gyara?

Nan ne ainihin matsalar yoyon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A kowane inji akwai ɗan hayaƙi da ke sulalewa ta gefen fistin ya shiga inda mai yake. An yi wa wannan hayaƙi hanyar fita ta wani tiyo da ƙaramin bawul, yawanci a jikin murfin saman inji, wanda ke mayar da shi a sake ƙona shi. Idan tiyon ya toshe da dauɗar tsohon mai, ko ya lanƙwashe, ko wani ya ɗaure bakinsa, iska takan taru a cikin injin ta nemi mafita ta inda ya fi rauni. A sa sabon gasket, ta fasa sil. A canza sil, ta koma wani wuri. Alamun haka su ne yoyo a wurare da yawa lokaci guda, da gejin mai da ke tasowa da kansa, da mai a cikin gidan filtar iska. A cire tiyon a duba ko iska na wucewa, irin bawul ɗin da ake iya cirewa kuma a girgiza shi kusa da kunne. Idan ba ya ƙara, ya daskare. Idan hanyar a buɗe take amma an buɗe murfin mai ana ganin hayaƙi yana bugowa da ƙarfi, to ringi ne ya cinye, kuma babu gasket ɗin da zai riƙe wannan inji na dogon lokaci.

Dalili na biyu shi ne cika mai fiye da alama. Wasu sukan juye galan gaba ɗaya ba tare da duba geji ba, da tunanin cewa yawan mai kariya ne, alhali man da ya wuce alama yana yin kumfa ya kuma matsa wa sil. Ana duba geji ne a wuri mai daidaito, minti 5 zuwa 10 bayan an kashe inji, a goge shi, a mayar, a sake zarowa.

Sauran dalilan na hannun mai gyara ne. Ƙarfen da sil ke zagaye da shi yakan yi ɗan zurfi a inda tsohon sil ya daɗe yana goga, sabo kuma idan ya zauna a wannan layi ba zai riƙe ba. Farce yana iya jin zurfin. Sil ɗin da aka buga a karkace ko aka sa shi a bushe yakan lalace tun ranar farko. Notocin murfin sama ƙanana ne, ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, ƙarfin tsiya kuwa yana lanƙwasa murfin ko ya murƙushe robar. Sai batun gam, wanda a ganina ya fi kowanne yin ɓarna a garejinmu. Akwai injunan da aka ƙera kaskon mansu da gam maimakon gasket, kuma a nan ma siririn layi ake sawa a kan ƙarfen da aka kankare ya bushe, a ba shi lokaci ya kama kafin a zuba mai. Idan aka lafta shi, abin da ya matso ta ciki yakan ɓalle ya toshe rariyar famfon mai, sai a tashi daga maganar yoyo a koma maganar injin da ya buga. Haka nan komawa ga mai mai kauri irin 20W-50 a injin da kamfani ya rubuta masa 5W-30, domin kawai a rage ɗigo, yana ɓoye alamar ne ya bar ɓarakar, ga kuma wahalar da man zai sha wajen ratsa ƙananan hanyoyin injin.

Aikin da za a yi kafin darasi na gaba

Kowane ɗalibi ya samu ƙaramin littafi ya ja layuka huɗu: kwanan wata, lambar kilomita da ke allon mota, matsayin mai a geji, da yawan man da aka ƙara. Misali, idan mai yana alamar sama a kilomita 182,400, ya sauka zuwa alamar ƙasa a 183,400, motar ta rasa kusan lita 1 a tafiyar kilomita 1,000. Wanda ba shi da mota ya nemi izinin ɗan'uwa ko maƙwabci ya cika layukan na tsawon mako guda, ya kuma zo aji da kwalin da ya kwana a ƙarƙashin motar. Man da aka tara a wurin gwaji a zuba shi a jarka a kai gareji, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya.